Shawarwari Kan Kuɗin Jami'a da 'Yan Damfarar Tallafin Karatu

A wata tattaunawa da iyaye da ɗalibai suka yi kan tsadar karatu, an fara da jan hankali cewa tallafi daban, rance daban. Asusun rancen karatu na gwamnatin Najeriya, wato NELFUND, wanda ya soma karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, bashi marar ruwa yake ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Yana tura kuɗin karatu kai tsaye ga makarantar, ana kuma fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Wasu iyayen sun yi ɗari-ɗari da cin bashin, kuma a ganina ba su yi laifi ba.

Batun damfara ne ya fi cin lokaci. Wata uwa ta nuna saƙon WhatsApp da ke taya ɗanta murnar samun gurbin karatu a Ingila, alhali bai taɓa nema ba, aka kuma ce ya tura kuɗin rajista kafin wayewar gari. Mahalarta sun tunatar cewa tallafi na gaskiya irin su Chevening na gwamnatin Birtaniya kyauta ake cike takardunsa. Sun ce kada ɗalibi ya ba kowa lambar sirrin katinsa na banki, kuma duk sanarwar da ya yi shakka a kanta ya kai ta ofishin harkokin ɗalibai a tantance.