Wai Jahun Ƙauye Ne?

Ɗalibar Likitanci: Yau an ɓata min rai a aji. Na ce in Allah ya sa na gama shekara shidan nan, na yi shekarar horo da bautar ƙasa, ƙauye zan tafi, Jahun, wajen matan da doguwar naƙuda ke bari da yoyon fitsari. Sai 'yan ajinmu suka kwashe da dariya, wai ko shekara biyu ba zan yi ba zan nemi bizar Saudiyya. Wallahi abin ya yi min ciwo.

Ɗan Jahun: Allah ya cika buri, amma ƙanwata gyara bakinki. Jahun ƙauye? Hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ga babban asibiti. Tun 2008 ƙungiyar likitocin agaji ta duniya, MSF, ke aikin haihuwa da yoyon fitsari a can.

Bakano: To ai ka faɗa da bakinka. Da birni ne, sai Turawa sun zo sun yi muku tiyata kyauta?

Ɗan Jahun: Har yau zafin 1991 bai sake ku ba, tun da Babangida ya cire mana Jigawa daga Kano.

Bakano: Cirewa? Sauke mana kaya aka yi.

Tsohuwar Ungozoma: Ku bar shirmen nan. 'Yata, ranar da kika karɓi haihuwa da fitilar waya, babu wuta, babu jinin ƙari, miji kuma ya tafi neman kuɗin allura, ranar za ki san nauyin alkawarinki. Ban ce ki fasa ba.

Mai Ra'ayi: Shi ya sa a 2023 ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya kawo ƙudirin a tsare likita shekara biyar a gida kafin cikakken lasisi. Likitoci suka ce ba su san zancen ba.

Bakano: 'Yan majalisar a ina suke ganin likita? Landan.

Ɗalibar Likitanci: Yayyena, ni fa ba wannan na kawo ba.

Ɗan Jahun: Janye kalmar ƙauye tukuna.

Bakano: Kada ki janye, ƙanwata. Inda akuya ke kwana a kan titi ƙauye ne.

Ɗan Jahun: Je ka Kurna da dare ka ƙirga awaki.

Shugaban Zaure: Na rufe. Abin da aka cim ma: Jahun gari ne, Bakano ya kasa kawo hujja ko ɗaya, kuma an gargaɗe shi. Masu cewa don kakata 'yar Jahun ce na yanke haka, su ji tsoron Allah. 'Yar likita kuma ta sake kawo maganarta gobe, ba tare da waccan kalmar ba.