Abin da aka tattauna kan manyan gine-ginen kasuwanci da hayar shaguna a Kano

Jama'a salamu alaikum, tunda maganar ta yi tsawo bari in tattaro abin da aka faɗa.

1. Kusan kowa ya yarda duk inda aka dasa babban gini mai shaguna da ofisoshi da wurin cin abinci a haɗe, hayar kewaye tashi take yi. An kawo misalin Zoo Road bayan buɗe Ado Bayero Mall a 2014, masu gidaje na fasa katanga suna fitar da shaguna ta bakin titi, dillalai ma sun samu na cefane.

2. Amma an ja kunne kar mutum ya jingina jarinsa da babban kanti ɗaya, don da Shoprite, babban kantin da ke cikin Ado Bayero Mall, ta rufe a farkon 2024 masu ƙananan shaguna sun ji a jikinsu.

3. Inda ra'ayi ya rabu shi ne kan sabuwar kasuwar Dangwauro da ke titin Zariya. Wasu sun ce tunda an mayar da 'yan magani can daga Sabon Gari, titin Zariya zai rayu, a nemi fili tun yanzu. Wasu suka ce ina, nisa da kuɗin adaidaita sahu ba wasa ba ne, ɗan sari ya fi son ya zaga Kwari da Singa da Sabon Gari a yini ɗaya ya kama motar garinsu kafin magariba, ni ma dai nan na fi karkata wallahi.

4. Mai kama shago ya tambayi kuɗin janareta da gadi da shara kafin ya biya, kuma a rubuta yarjejeniya gaban shaidu.