Neman shawara kan gwajin jinin da ake cewa yana gano lalacewar ƙodar dashe da wuri

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bara aka yi wa maigidana dashen ƙoda a Indiya, ƙanensa ne ya ba shi, bayan ya daɗe yana fama da wankin ƙoda. Yanzu a asibitin Komfo Anokye ake duba shi, kuma duk zuwa sai an auna kiriyatinin, wato wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, da kuma yawan takrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar, a jininsa. Wani ɗan'uwanmu da ke Amurka ya ce akwai sabon gwaji da ke tantance ɗaruruwan ƙananan sinadaran jini a lokaci guda, ya nuna jiki ya fara ƙin ƙodar tun kafin a ga wata alama, har ya yi alkawarin biyan kuɗin. Shin mu nemi wannan gwajin? Kullum hankalina a tashe yake, kada ƙodar ta lalace muna zaune ba mu sani ba.

Amsa daga wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a Accra:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Tsoronki yana da tushe, domin kiriyatinin yakan makara: ƙoda na iya yin asarar wani kaso mai yawa na aikinta kafin adadinsa ya tashi sosai, kuma idan ya tashi ba ya faɗin dalili, tunda ƙarancin ruwa a jiki, ko yawan takrolimus, ko wata ƙwayar cuta duk suna iya ɗaga shi. Wannan giɓin ne masu bincike ke son cikewa. Idan garkuwar jiki ta fara yaƙar ƙodar, yadda jiki ke sarrafa wasu sinadarai yakan canza. Alal misali, sinadarin tiriftofan da jiki ke samu daga abinci yana raguwa, kainurenin da ake samu daga gare shi yana ƙaruwa. Sai dai zazzaɓi da sauran cututtuka su ma suna kawo irin wannan canji, na'urorin aunawa suna da tsada ƙwarai, kuma har yanzu aikin yana matakin bincike, bai zama abin da likita zai dogara da shi ya canza magani ba. Abin da ke tabbatar da ƙin ƙoda har gobe shi ne a ɗebo ɗan ƙanƙanin naman ƙodar da allura a duba.

Amsa daga wani dattijo a Nima:

'Yata, ni ma da ƙodar ɗana nake rayuwa, saboda haka ki saurare ni. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta sakamakon kowane gwaji da ranarsa, domin likita ya fi amfana da ganin yadda adadin ke tafiya a kan ganin na rana ɗaya. Ranar auna takrolimus kuma kada ya sha na safe sai an ɗebi jinin. Maganin gargajiya, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis, ya nisance su gaba ɗaya, komai nacin masu zuwa gaisuwa.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya a Asawase:

Yaya, mai yiwuwa ɗan'uwan naku yana nufin wani gwajin daban da ake yi a Amurka, wanda ke auna ɓurɓushin ƙwayoyin halittar (DNA) wanda ya ba da ƙodar a jinin wanda aka dasa wa. Shi likitoci suna amfani da shi, amma ko ya nuna matsala sai an koma ga ɗebo naman ƙodar da allura. A ganina, kuɗin nan ya fi amfani a ajiye shi don magani, domin yankewar takrolimus na cikin manyan abubuwan da ke sa jiki ya ƙi ƙoda. Idan kika ga fitsarinsa ya ragu, ko ƙafafu sun kumbura, ko zazzaɓi, ko ciwo a wurin dashen, ku tafi asibiti a ranar, kada ku jira ranar ganin likita.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan nemi ɗan'uwan namu ya turo ainihin sunan gwajin in nuna wa likitan ƙoda a zuwanmu na gaba, sannan mu yi magana da ɗan'uwan kan kuɗin magani.