Ta yaya Cronstedt ya gane nikel sabon ƙarfe ne tun 1751?

Malama Hajara: Salamu alaikum. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare. Wata ɗalibata ta tambaye ni yadda Axel Cronstedt, mutumin Suwidin, ya gano nikel a 1751, alhali babu na'urorin awo irin na yau. Ina so in ba ta amsa mai gamsarwa. Da me ya yi aikin?

Injiniya Sale: Wa'alaikumus salam, Malama. Dutsen ya samo shi ne daga wata mahaƙar ƙarfen kobalt da ke Los, a yankin Hälsingland na ƙasar Suwidin. Da ya narkar da shi cikin asid, ruwan ya koma kore, kowa zai ce jan ƙarfe ne a ciki. Sai ya tsoma baƙin ƙarfe, domin in da jan ƙarfe a ruwan dole ya fito ya manne masa. Babu abin da ya manne. Wannan wurin ne ya fi burge ni: bai ce kuskure aka yi ya zubar ba, ya bi sawu. Ya gasa dutsen tare da gawayi, ya samu wani farin ƙarfe mai tauri wanda bai yi kama da jan ƙarfe ba ko kaɗan. A 1754 ya raɗa masa suna nikel.

Ki kuma gaya mata ya shahara da ɗan bututun hura wuta, irin na maƙeran zinariya. Ana hura iska cikin harshen fitila, wutar ta yi tsini, a gasa ɗan gutsuren dutse a ga yadda zai narke da launin da zai bayar. A 1756 ya lura da wani dutse da ke kumbura yana fitar da tururi in ya ji wuta, ya kira shi ziyolait.

Baba Ɗanladi: 'Yata, kada ki manta ba a yarda da shi nan take ba. Wasu masana sun dage cewa gaurayen kobalt ne da baƙin ƙarfe da asanik, wani sinadari mai guba. Sai a 1775 wani masanin sinadarai, Torbern Bergman, ya tace nikel ɗin sosai ya tabbatar da maganarsa, shi kuwa Cronstedt ya rasu tun 1765 yana da shekara 42. A wurina littafinsa na 1758 ma ya fi nikel ɗin nauyi, don a ciki ya rarraba ma'adanai bisa sinadaran da ke cikinsu, ba bisa kamanninsu ba.

Malama Hajara: Na gode, Baba, na gode Injiniya. Gwajin baƙin ƙarfen zan yi musu a aji da ƙusa da ruwan gishirin jan ƙarfe, su ga abin da Cronstedt ya sa ran gani.