Mayafin wuyan da nake saƙawa yana naɗewa, a ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata ce ta aiko mini da kayan saƙa daga Ingila a ɗan kwali: zaren ulu na tumakin merino dunƙule 2, kowanne giram 50, kibiyoyin saƙa na katako masu kaurin milimita 4, sai takardar bayani. Siririn mayafin wuya ne, faɗinsa santimita 13. Ni a kwarashi na ƙware, kibiya biyu baƙuwata ce. Na ɗora ido 28, wato madaukan zare a kan kibiya, ina yin layi ɗaya saƙar gaba, layi ɗaya ta baya. Yanzu ya kai kamu biyu, amma gefe da gefensa sun naɗe ciki kamar tabarma, in na miƙar ya koma. Maigida nake wa, da asuba yake fita a babur, ga hunturu ya ƙarato. Hannuna ne ya yi tsauri, ko in bi shi da dutsen guga?

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Ba laifin hannunki ba ne, ƙanwata. Halin wannan saƙar ke nan, ko inji ne ya yi ta sai ta naɗe, domin fuskar gaba da ta baya ba sa jan zare daidai. Tunda kamu biyu ne kawai, ki daure ki warware. In kin sake ɗorawa, layi 6 na farko duk saƙar gaba, sannan a kowane layi ido 4 na farko da 4 na ƙarshe ki yi musu saƙar gaba, ko da kina bayan aikin. Wannan bakin shi zai riƙe shi. Ni kam da zan zaɓa, a siriri irin wannan gaba biyu baya biyu zan yi har ƙarshe, ba ya naɗewa sam, sai dai yakan tsuke faɗin.

Anti Larai: Dutsen guga kuma? Rufa wa zaren nan asiri! Ba irin na roba da muke saya a kasuwa ba ne, gashin tumaki ne. Asalin tumakin daga Sifen suke, yanzu Ostareliya ce kan gaba wajen samar da ulunsu, kuma sirantar silin ce ta sa ba ya ƙaiƙayi a wuya. Na taɓa cuɗa hular jikana da ruwan zafi da garin sabulu, ta cure ta zama kamar kilishi, ko kan 'yar tsana ba ta shiga. Ruwan sanyi, sabulu mai laushi kaɗan, kada ki murɗe. Ki naɗe a tawul ki danna, ki shimfiɗa a inuwa. In kin rataya a igiya zai zazzago.

Ummu Sadik: Ni ban ga dalilin warwarewa ba. Ta gama, ta jiƙa, ta shimfiɗa ta kafe da fil.

Maman Ihsan: Zai kwanta kwana biyu ne, Ummu, da an ɗaura a wuya ya koma gidan jiya. Wani abu kuma, giram 100 ba yawa. Ki auna abin da kika saƙa a ma'aunin kicin kafin ki warware, za ki san tsawon da zaren zai kai. Takardar kuwa ba ta ce komai a kan baki ba?

Mai tambaya: Wayyo Maman Ihsan, yanzu na sake dubawa. Akwai wani layi a sama da ban gane ba na tsallake, ashe shi ne bakin, ido 4 kamar yadda kika ce. Na fara warwarewa, amma zaren ya fito a murmurɗe kamar taliyar yara.

Anti Larai: Ki naɗa shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki tsoma a ruwan sanyi ya bushe a inuwa. Zuwa gobe zai miƙe.