Bel ɗin taimin ya tsinke ana cikin tafiya: me kuka tarar da aka buɗe injin?

Mai buɗe zance: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda abin ya taɓa faruwa da su, ko waɗanda suka buɗe irin wannan inji da hannunsu. Bel ɗin taimin na motata ya tsinke ina cikin tafiya, kuma ba wani gudu nake yi ba. Babu ƙara, babu hayaƙi, inji kawai ya ɗauke. Bakanike na farko ya ce a sa sabon bel a tayar, na biyu ya ce kada a kuskura, sai an sauke tof silinda, wato kan inji, an duba bawul, 'yan ƙofofin da iska ke shiga hayaƙi ke fita. Injin fetur ne, silinda huɗu, bawul 16. Abin da ya ɗaure min kai shi ne wani abokina ya ce nasa ya taɓa tsinkewa, aka canja masa a gefen hanya ya ci gaba da tafiya. To me ya sa nawa zai kai ga sauke kan inji?

Direban doguwar hanya: Wa'alaikumus salam. Abokinka gaskiya ya faɗa maka, ni ma haka tawa ta yi min. Na gangara gefe, na murɗa makulli, sai na ji injin yana juyawa da sauri fiye da yadda na saba ji, sautin a miƙe, babu wannan nishin da yake yi kafin ya kama. Bakanike ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ya ce in sake murɗawa sau ɗaya, ya leƙa ya ga kamshaf ko motsi bai yi ba. Nan take ya ce bel ne. Aka sa sabo, aka daidaita alamomi, mota ta tashi kamar ba abin da ya same ta. Har na rabu da ita ba a taɓa buɗe kanta ba.

Tsohon bakanike: Ku duka biyun ba a yi muku ƙarya ba, injunan naku ne ba ƙira ɗaya ba. Bari in ɗan tsawaita, don a nan mutane suke zargin kanikawa da son aiki.

Karanshaf yana ƙasa, shi fistin ke juyawa. Kamshaf shi ke danna bawul ya buɗe, sifirin ya mayar da shi. Aikin bel shi ne ya riƙe su a kan lokaci ɗaya: karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf sau ɗaya. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, fistin yana kaiwa sama sau 50 a daƙiƙa guda, kowane bawul kuma yana buɗewa sau 25. A wasu injuna, wurin da bawul ke saukowa idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke hawowa idan ya kai ƙarshe. Kamar mutum biyu ne da ƙofa ɗaya, wannan ya shiga wancan ya fita, bel ne mai ba su hannu. Da ya tsinke, kamshaf ya tsaya cak da wasu bawul a buɗe, fistin kuwa bai san an tsaya ba, don nauyin motar yana ci gaba da juya shi ta giya. Sai karo.

A wasu injunan kuma an bar sarari. Ko bawul ya buɗe iyakar buɗewarsa, fistin ba zai taɓa shi ba, ko don ɗakin ƙonewar yana da zurfi, ko don an fafe saman fistin. Injin 5S-FE mai lita 2.2 da Toyota ta sa a Camry a shekarun 1990 yana cikin waɗannan. Shi ma bawul 16 ne da kamshaf biyu a sama, amma bel ɗin ɗaya kawai yake ja, ɗayan kuma haƙoran giya ne suka haɗa su. Na sha canja masa bel bayan ya tsinke, ban taɓa tarar da bawul a lanƙwashe ba. Saboda haka yawan bawul kaɗai ba ya ba da amsa, ɗan'uwa. Ka duba lambar injin, ka nemi littafinsa. Sai dai ka sani, yawancin injunan da aka ƙera daga baya masu karo ne, domin ana son matsi mai yawa da bawul masu buɗewa sosai, don ƙarfi da tsimin mai.

Kuma ka daina murɗa makulli. Duk murɗawa ɗaya, fistin yana ƙara dukan abin da ya riga ya daka.

Wata mai mota: Baba ya faɗi gaskiya kan murɗa makulli. Tawa a danja ta mutu, ina tsaye. Mutane suka taru suna taimako, wannan ya murɗa, wancan ya murɗa, har wani ya ce a tura ta a giya. Da aka sauke kan injin, bakanikena ya kira ni in gani da idona. Ya kifa tof silindar a kan tebur, ya zuba fetur a ramukan da iska ke shiga, sai ga shi yana tsiyayowa ta gefen bawul. A ido lafiyarsu ƙalau. Ya zare ɗaya, ya mirgina sandarsa a kan gilashi, kan bawul ɗin yana ta rangaji. A saman fistin kuma ga 'yan tabo masu sheƙi kamar sabon wata, inda bakin bawul ya sara. Fistin ɗin bai fashe ba, an goge tabon an bar su. Amma bututun da sandar bawul ke zirga-zirga a cikinsa, biyu sun tsage, sai da aka fitar da su aka danna sababbi.

Mai aikin injin yankan ƙarfe: Hajiya, wannan bututun shi ne abin da kanikawa da yawa ba sa dubawa, sai motar ta dawo tana shan baƙin mai tana hayaƙi. Tof silindar alminiyum ba ta iya ɗaukar bawul kai tsaye, ta yi laushi. Don haka ake dasa mata bututu na zubin ƙarfe ko na tagulla, a kuma dasa zobe mai tauri inda bawul ke zama. Da zafi ake shigar da su: a ɗumama kan injin, a sanyaya zoben, a danna. Tsofaffin kawuna na zubin ƙarfe kuwa, da yawansu a jikin ƙarfen ake yanka mazaunin.

Kawunan da ake kawo min bayan bel ya tsinke, ba bawul kaɗai nake dubawa ba. Nakan ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, in zura ma'aunin siririn ƙarfe a ƙarƙashi. Littattafan injuna da yawa ba sa yarda gantsarewa ta wuce milimita 0.05. Dalilin da nake yin haka shi ne sau da yawa ba bel ne ya fara ba, famfon ruwa ne. A injuna da yawa bel ɗin taimin ne ke juya famfon. Idan boris ɗinsa ya fara ci, ruwa ya ragu, inji ya yi zafi, daga baya famfon ya cije ya kankare haƙoran bel. Alminiyum kuwa idan ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na zubin ƙarfe. To ka haɗa kan alminiyum da bulok na ƙarfe, ka ɗaure su da ƙusoshi, ka ba su zafin da ya wuce ƙa'ida, dole ɗaya ya gantsare, kuma alminiyum ne. Ba na zagin sa, ku fahimce ni. Nauyinsa bai kai rabin na ƙarfe ba, kuma yana fitar da zafi da sauri, shi ya sa kusan kowa ya koma gare shi. Amma ba ya yafe sakaci.

Mai motar dizal: Ku masu fetur da sauƙi. Dizal yakan matse iska ninki 16 ko fiye, tsakanin fistin da kan inji kusan babu sarari, don haka kusan dukansu masu karo ne. Nawa da ya tsinke na riga na sallama injin. Da aka buɗe murfin sama sai aka tarar rokokin da ke danna bawul ne suka kakkarye, gutsattsarinsu a zube cikin mai. Bakaniken ya ce a injina bawul a tsaye suke tsaf a kan fistin, ba a karkace ba, don haka dukan ya bi ta sandar ya haura sama, roka ta karye maimakon bawul ya lanƙwashe. Aka tsince gutsattsarin, aka sa sababbin rokoki da bel, aka gwada matsi, silinda huɗun suka yi daidai. Wani da na sani mai irin wani dizal daban, kamshaf ɗinsa ne ya rabe biyu.

Mai son tsofaffin motoci: Duk wannan wahalar ai mu muka sayo ta da muka yarda aka ɗauke kamshaf daga cikin bulok aka kai shi sama. A da yana ƙasa kusa da karanshaf, 'yar gajeriyar sarƙa ko giya biyu ne tsakaninsu, dogayen sanduna su kai saƙo sama ga rokoki. Haka injin fetur na Peugeot 504 mai silinda huɗu yake, bulok na ƙarfe, kai na alminiyum, sarƙa a gaba. Tsohuwar Volkswagen Beetle ko sarƙar ma babu, giya ce da giya. Na daɗe ina tuƙa mota mai irin wannan ƙira, abin da na sani shi ne gyaran tafet, wato daidaita tazarar bawul, idan ta fara ƙas-ƙas. Kuma kada a ce tsohon yayi ne. Chevrolet ta fito da ƙaramin injinta na V8, mai silinda takwas da sanduna, a 1955, kuma Corvette ta 2020 da irin wannan tsari ta fito.

Ɗalibin injiniya: Ranka ya daɗe, da girmamawa, kamshaf a sama ba sabon abu ba ne. Motar tseren Peugeot da ta ci gasar Faransa a 1912 kamshaf biyu gare ta a sama, da bawul huɗu a kowace silinda. Sanduna da rokoki nauyi ne, idan juyi ya yi yawa sifirin ba ya iya mayar da su a kan lokaci, bawul ya riƙa shawagi. Manyan V8 suna tsira ne don girmansu, ba sa buƙatar juyi mai yawa. Ƙaramin inji mai lita 1.6 dole ya yi juyi kafin ya ba da ƙarfi. Bel ɗin ne ya zo daga baya: kamfanin Glas na Jamus ya sa shi a motarsa a 1962, Fiat ta biyo da shi a injinta mai kamshaf biyu a 1966. An zaɓe shi don ba ya yin ƙara, ba shi da nauyi, kuma ba ya buƙatar mai.

Tsohon bakanike: Yaro ya yi karatu. Amma Alhaji mai tsofaffin motoci, sarƙa ma na ga ta ci amanar mutane. Ta tsofaffin dizal na Mercedes irin OM617 layi biyu ce, bulok da kai duk zubin ƙarfe, wannan kam sai dai ka gaji da ita. Ta zamani siririya ce kuma doguwa, tana bin kan faifan roba, mai ne ke tura abin da ke ɗame ta. Mutum ya riƙa jinkirta juyen mai, ƙusoshin gaɓoɓinta su cinye, ta ƙara tsawo. Alamarta ƙarar kacau-kacau da safe na 'yan daƙiƙoƙi. Na buɗe wani da mai shi ya yi ta jin ƙarar yana cewa sanyi ne, faifan robar ya farfashe, sarƙa ta tsallake haƙori, bawul suka tafi yadda na bel ke tafiya. Bambancin kawai sarƙa tana gargaɗi, bel ba ya yi.

Mai sabuwar ƙira: A ƙara da irin nawa. Bel ne amma a cikin baƙin mai yake iyo, a rufe ruf kamar sarƙa. Nawa bai tsinke ba. Fitilar mai ce ta fara ƙiftawa idan na taka birki. Da aka sauke kaskon mai na ƙasa, rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta ta toshe da baƙin gari mai laushi, ashe bayan bel ɗin ne ke marmashewa. Bakaniken ya ce wannan ƙirar ba ta karɓar kowane mai sai wanda littafi ya ambata, kuma gajerun tafiye-tafiye suna sa fetur ya gauraya da man ya ci robar.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun duba lambar injin, mai karo ne. An sauke kan ɗazu, bawul na shigar iska shida sun lanƙwashe, na fitar hayaƙi biyu, fistin da tabo kawai. Mun kuma ga abin da ya jawo: sil ɗin kamshaf, wato robar da ke tare mai, yana yoyo, mai ya jiƙa bel ɗin har ya kumbura, haƙora suka zube a wajen fulin ƙasa. Baba, me zan tsaya a kai lokacin haɗawa?

Tsohon bakanike: Kai kan wurin mai injin yankan ƙarfe ya auna shi, ya duba bututun bawul ɗaya bayan ɗaya. Sil na kamshaf da na karanshaf duka sababbi. Famfon ruwa, fulin da ke ɗame bel da na jagora, a canja su tare da bel ɗin, kada a ce wannan da saura. Idan ƙusoshin kan injin irin masu miƙewa ne, waɗanda ake ƙarasa ɗaurinsu da kusurwa, ba a maimaita su. A ɗaure daga tsakiya zuwa waje, da sifana mai ma'auni, bisa jerin da littafi ya nuna. Bayan an sa bel, kafin kowa ya taɓa makulli, a cire filogi, a juya karanshaf da hannu zagaye biyu cikakku. Idan an ji ya tokare, a tsaya, kada a danna. Idan ya wuce sumul, a sake duba alamomin ko sun dawo wurinsu. Ka rubuta kilomitar da kwanan wata a jikin murfin bel, don ana canja shi ne da kilomita ko da shekaru, duk wanda ya riga zuwa.