Jama'a a taimaka da kalma: me za mu kira wannan abu na tare hasken rana?

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina fassara wani labari na rediyo na ci karo da abin da Turawa ke cewa sola jiyo-injiniyarin, wallahi na fi minti ashirin ina kallon allo. In ka faɗa haka wa zai gane? Mutumin kasuwa zai ɗauka solar da ake ɗorawa kan rufi kake nufi.

Abin shi ne, a tura jirage ko balan-balan can sama wajen kilomita 20 su fesa ƙurar farar wuta, ita kuma ta mayar da wani ɓangare na hasken rana baya, duniya ta ɗan yi sanyi. Daga dutse mai aman wuta aka ɗauko dabarar, Pinatubo na Filifin da ya fashe a 1991 ya sanyaya duniya da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu, sai wani masanin kimiyya, Paul Crutzen, ya sake ta da maganar a 2006.

Da farko na rubuta "yi wa duniya rumfa". Wani yayana ya ce a'a, rumfa ai hutu ce, kowa na son inuwa, kalmar ta riga ta yi wa abin talla tun kafin a yi muhawara. Gaskiyarsa. Ga shi Meziko ta sanar za ta hana gwajinsa a 2023, a taron muhalli na Nairobi a 2024 ma ƙasashen Afirka cewa suka yi kar a taɓa.

Wata baiwar Allah ta kawo "dusashe rana", malam ɗaya ya ce ranar ba wanda ya isa ya taɓa ta, haskenta ake tarewa. Na yarda malam, Allah ya ƙara ilimi. "Shuka gajimare" kuma kar ma a kawo, wannan na neman ruwa ne, daban.

Ni dai yanzu zuciyata ta tsaya kan hazon roba. Mu da muka san hunturu ba sai an yi mana bayani ba, in hazo ya sauko rana ta yi fari-fari garin ya yi sanyi amma ga tari ga kaushi, kuma ranar da ya washe zafi na nan inda ka bar shi. To haka wannan yake, hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya bai je ko'ina ba, an daina fesawa zafin ya dawo gaba ɗaya. Kuma mu nan ba 'yan kallo ba ne, masana sun danganta wani ɓangare na farin 1970 da wani abu zuwa 1980 da wani abu a Sahel da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da ya ja damina kudu, a tambayi dattawa labarin 1973 da 1984.

Matsala ɗaya, akwai masu fesa ruwan teku don gajimare ya ƙara haske, kamar yadda ake gwadawa a Ostireliya, wannan ba hazo ba ne. Sai dai mu ce tare hasken rana shi ne uwar, hazon roba ɗanta. Mutanen Damagaram da Maraɗi ya kuke cewa a rediyonku?